Ƙullin Wayar Nutiral da Wayar Ƙasa a Gine-ginen da Ke Shan Wuta Daga Mita Ɗaya: Nazari a Kan Unguwannin Hausawa na Fatakwal, Anaca da Inugu

Tsakure

Maƙalar ta ɗauki tambaya guda: idan aka ja wutar lantarki daga wani gini zuwa wani gini na daban, a ina ya halatta a ƙulla wayar nutiral da wayar ƙasa, a ina kuma ƙullin yake zama haɗari? An kwatanta tanade-tanaden ƙa'idojin IEC 60364 da BS 7671 ta Ingila da NEC ta Amurka, aka kuma gwada su da lissafi a kan irin tsarin gidaje da kasuwannin da Hausawa ke zaune a cikinsu a Fatakwal, Anaca da Inugu. Sakamakon ya nuna cewa ƙulli a gini na biyu yana ɗora wutar aiki a kan ƙarafan da jama'a ke taɓawa, kuma sandar ƙasa ita kaɗai ba ta isa ta sa bireka ya katse wuta ba.

1.0 Gabatarwa

An gano kwal a yankin Udi a 1909, layin dogo daga Fatakwal ya isa Inugu a 1916, gadar Makurɗi ta buɗe a 1932, gadar Kogin Kwara ta Anaca kuma a 1965. Waɗannan hanyoyi su suka ƙarfafa zaman fataken shanu, masu hatsi, albasa, busasshen kifi da mahauta daga Arewa a biranen uku. Zaman ya yi zurfin da Malam Umaru Altine, wani ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. A yau ana samun Hausawa da yawa a Ama Hausa, Gariki da kasuwar New Artisan a Inugu; a titin Bida, Ose da Bakin Gada a Anaca; da kuma a Diobu, kasuwar 'ya'yan itace ta D-Line da garin Oyigbo a yankin Fatakwal.

Abin da ya shafi wannan nazari a waɗannan wurare shi ne yadda gini yake girma. Ana farawa da gida ɗaya mai mita ɗaya. Sai a ƙara shaguna a gaba, ɗakunan haya a baya, masallaci da wurin alwala a gefe, rijiyar burtsatse da famfonta, wani lokaci da ɗakin sanyi na nama ko injin niƙa. Kowane sabon gini ana ja masa waya daga wanda ya riga shi, galibi waya biyu: layif da nutiral. Idan mai gyaran wuta ya zo ɗaura soket mai ido uku a gini na biyu, sai ya tarar babu waya ta uku da zai kai wa idon sama. Hanya mafi sauƙi a wurinsa ita ce ya sa ɗan guntun waya tsakanin sandar nutiral da sandar ƙasa a cikin allon rarraba wuta, wato ƙarafan da ake ɗaura wayoyi a kansu, ba sandar da ake kafawa a ƙasa ba. Wannan guntun waya shi ne batun maƙalar.

Manufar ita ce a fayyace abu uku: illar wannan ƙulli a lissafe, tsarin da ya kamata ya maye gurbinsa, da yadda janareta da inbata suke sauya hukuncin. A duk maƙalar, layif ita ce wayar da ke kawo wuta, nutiral ita ce wadda wutar ke komawa ta cikinta zuwa taransifoma, wayar ƙasa kuma ita ce wayar kariya da ake ɗaura wa gangar jikin na'ura. Turjiya ana auna ta da om, kwarara da amfiya, matsin wuta da bolt. Makatsar yoyo ita ce na'urar da ake kira RCD, wadda ke kwatanta abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nutiral, ta katse wuta idan suka bambanta.

2.0 Waiwaye a kan ra'ayoyi da ƙa'idojin da suka gabata

2.1 Tsarin IEC da na Ingila

IEC 60364 ta kasa hanyoyin haɗa wuta da ƙasa zuwa TN, TT da IT. A TN-S, nutiral da wayar kariya a rabe suke tun daga taransifoma. A TN-C waya ɗaya ce ke yin aikin biyu, ana kiranta PEN. A TN-C-S suna tahowa a haɗe har bakin gida, sannan a raba su. A TT kuwa kamfanin wuta ba ya ba mai gida wayar kariya sam. Mai gida ne ke kafa sandarsa, kuma babu inda nutiral ke taɓa wannan sanda a cikin gidan. BS 7671, wadda bugu na 18 nata ya fito a 2018, ta hana a sake haɗa wayoyin biyu a gaba da wurin da aka raba su. Ta kuma tanadi cewa wayar PEN ba za ta gaza murabba'in milimita 10 na jan ƙarfe ko 16 na alminiyam ba. Dokar Birtaniya ta 2002 kan amincin samar da wuta ta haramta wa mai gida haɗa ayyukan biyu a waya ɗaya a cikin gininsa.

Akwai tsohon ra'ayi da har yanzu yake da mabiya: wai yawan haɗa nutiral da ƙasa yana ƙara aminci. Ra'ayin yana da asali, domin kamfanonin wuta a Ingila suna kafa wa nutiral sanduna da yawa a tsawon layinsu. Amma wannan aikin mai layi ne, wanda ya san kaurin wayarsa, yake duba mahaɗanta, yake kuma ɗaukar alhaki idan ta tsinke. Dokar ba ta ba mai gida wannan izini a bayan mitarsa ba.

2.2 Tsarin Amurka

A Amurka nutiral da ƙasa suna haɗuwa a babban allon shigar wuta na gida, kamar yadda sashe na 250.24 na NEC ya tanada. Game da gini na biyu, sashe na 250.32 ya daɗe yana yarda a yi amfani da nutiral a matsayin wayar kariya, muddin babu bututu ko wani ƙarfe da ya haɗa gine-ginen biyu. Bugun 2008 ya janye wannan izini ga sababbin ayyuka, ya bar shi ga tsofaffi kawai. Daga nan ya zama dole a ja wayar kariya ta daban tare da kebul, a kafa sanda a gini na biyu, a kuma raba sandar nutiral da jikin allon. Dalilin janyewar a fili yake: sharaɗin rashin ƙarfe tsakanin gine-gine ba ya ɗorewa, don kuwa wata rana za a ja bututun ruwa ko wayar talabijin.

2.3 Binciken da ƙa'idojin suka dogara da shi

Frank Wenner ya fitar da hanyar auna turjiyar ƙasa da turaku huɗu a 1915. H. B. Dwight ya wallafa lissafin turjiyar sanda a 1936. Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya auna iyakar kwararar da mutum zai iya sakin waya a cikinta, kuma aikinsa na cikin tushen makatsar yoyo ta zamani. IEC 60479 ta tattara irin waɗannan sakamako: mutum kan fara jin wuta daga kusan rabin miliamfiya, hannu kan kasa saki a wajejen miliamfiya 10, kuma haɗarin rikicewar bugun zuciya yana ƙaruwa da sauri idan aka haura miliamfiya 30 aka kuma ɗauki lokaci.

2.4 Matsayin Najeriya

Najeriya ta gaji tsarin Ingila: bolt 230 tsakanin layif da nutiral, kusan 400 tsakanin layif biyu, da soket mai ido uku. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki, wadda dokar 2005 ta kafa, ta fitar da ƙa'idojin NESIS a 2015, a shekarar da aka yi dokar hukumar NEMSA mai duba ayyukan wuta da tantance masu yin su. Lokacin da aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, kamfanin PHED ne ke kula da Ribas, Bayelsa, Akwa Ibom da Kuros Riba, kamfanin EEDC kuma da jihohi biyar na Kudu maso Gabas. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumominsu, kuma Jihar Inugu ta karɓi ragamar tata a 2024. Sai dai a aikace layin da ke bin turakun unguwa waya huɗu ne, layif uku da nutiral ɗaya, kuma abin da ke sauka gida layif ne da nutiral. Ba a ba mai gida wayar kariya. Ma'ana, tsarin TT ne. Saboda haka bayanin Amurkawa da matasan masu gyaran wuta ke kalla a YouTube, wanda ke cewa a ƙulla a babban allo, bai shafi gidan da ke Diobu ko unguwar Fegge ta Anaca ba. A can babu ƙulli ko a babban allon ma. Ƙullin yana wajen taransifoma.

3.0 Hanyar nazari

An bi hanya biyu: kwatanta rubutattun ƙa'idoji, da lissafi a kan gidan misali. Gidan misalin yana da babban gini mai mita, da gini na biyu a tazarar mita 50, wanda aka ja masa jan ƙarfe mai murabba'in milimita 6. Turjiyar irin wannan waya om 0.154 ce a wannan tsawo. An ƙaddara nauyin gini na biyu amfiya 30, birekan da ke tsaronsa na amfiya 32 nau'in B, sandar taransifoma om 10, jikin mutum om 1,000. Turjiyar sanda an lissafa ta da hanyar Dwight, ga sanda mai kaurin milimita 16. Alƙaluman na misali ne, an zaɓe su don sun dace da girman ayyukan da ake magana a kansu.

4.0 Nazari

4.1 Lokacin da komai ke aiki lafiya

Amfiya 30 da ke komawa ta nutiral mai turjiyar om 0.154 suna haifar da bambancin bolt 4.6 tsakanin bakin wayar biyu. Idan babu ƙulli, wannan bambanci yana nan cikin wayar da aka lulluɓe da roba, bai dami kowa ba. Da zarar an ƙulla, bolt 4.6 ɗin sun hau jikin firiji, famfo, injin niƙa da duk ƙarfen da ke manne da su, muddin ana jan wannan nauyi. Idan akwai bututun ƙarfe tsakanin gine-ginen, kuma an ƙulla a ɓangarorin biyu, kwarara za ta rabu tsakanin nutiral da bututun gwargwadon turjiyarsu. Inda aka ja wayar ƙasa mai kauri ɗaya da nutiral aka ƙulla su gaba da baya, kowace za ta ɗauki amfiya 15. Wayar da aka tanada don ranar haɗari ta koma wayar aiki, mahaɗanta suna ɗumi, suna sassautawa. Mai gyaran famfo da ya kwance mahaɗar wannan bututu yana riƙe da ɓangarorin biyu ya sa kansa a cikin da'irar.

Akwai illa ta biyu da ta fi yawan faruwa. Makatsar yoyo da ke babban gini za ta ga abin da ya dawo ta nutiral bai kai abin da ya fita ba, sai ta yi ta katse wuta. Maimakon a nemi guntun wayar da ya jawo haka, sai a ce na'urar ce mai fitina, a cire ta. Haka gida ke rasa kariyar da ta fi kowace muhimmanci a tsarin TT. Ta fuskar kuɗi ma akwai asara: irin mitocin kati da ke auna layif da nutiral duka, suna cajin wadda ta fi yawa, za su iya lissafa wa mutum wutar maƙwabcinsa idan nutiral ɗinsu ta haɗu ta hanyar ƙarfe.

4.2 Lokacin da nutiral ta tsinke

Nan ne haɗarin yake kai wa ga rai. Wayar da aka ratsa ta saman kwano ko aka rataya a kan itace takan tsinke. Mahaɗar alminiyam da jan ƙarfe da aka murɗa da hannu takan ci tsatsa, musamman a iskar gishirin Fatakwal. A ɗauka nutiral ta yanke tsakanin gine-ginen alhali butar lantarki mai wat 2,000 tana kunne. Turjiyar butar om 26.5 ce. Wuta za ta shiga ta layif, ta ratsa butar, ta iso sandar nutiral, ta rasa hanya, sai ta tsallaka ta ƙullin zuwa wayar ƙasa. Idan gini na biyu ba shi da sanda, jikin kowace na'ura zai tashi zuwa kusan bolt 230. Idan yana da sanda mai om 40, jimillar turjiya ta zama 76.5, kwarara amfiya 3, matsin da ke jikin na'urori bolt 120. Da nauyin wat 5,000 zai haura bolt 150. Mutumin da ya taɓa famfo ba takalmi zai ɗauki kusan miliamfiya 120, ninki huɗu na iyakar da ake gina makatsar yoyo a kanta.

Bireka ba zai motsa ba, domin amfiya 3 ba komai ba ne ga na'urar amfiya 32. Makatsar yoyo da aka ɗaura bayan ƙullin ita ma ba za ta gani ba, don abin da ya shiga ta cikinta shi ne ya fita. Yoyon ya faru ne a wajen da'irar da take tsaro. Abin da ya ƙara munin lamarin shi ne fitilu za su dushe ko su mutu, jama'a su ɗauka an ɗauke wuta, su taɓa ƙarfe hankali kwance. A gidan da babu ƙulli, tsinkewar nutiral iri ɗaya ba za ta wuce ɗaukewar wuta ba.

A layi mai layif uku, idan nutiral ta yanke daga wajen taransifoma, ko aka sace jan ƙarfen sandarta, matsin wuta kan karkace har wasu gidaje su samu abin da ya doshi bolt 400, kayansu su ƙone. Wasu suna ƙulla nutiral da sandar gidansu don maganin wannan. Abin da suka yi a zahiri shi ne sun mai da 'yar sandarsu hanyar komawar wutar unguwa baki ɗaya.

4.3 Iyakar sandar ƙasa

Bireka na amfiya 32 nau'in B yana bukatar amfiya 160 kafin ya katse nan take, wato turjiyar da'irar gaba ɗaya kada ta wuce om 1.37. Sanda mai tsawon mita 2.4 a ƙasa mai turjiyar om-mita 100 tana ba da kusan om 40. Gajeriyar sanda ta mita 1.2, wadda ta fi yawa a kasuwa, tana ba da kusan om 72. A ƙasa mai om-mita 500, doguwar ta koma om 200, gajeriyar ta doshi 360. Ko da sanda mai om 40, idan layif ta taɓa jikin firiji, abin da zai kwarara amfiya 4.6 ne kawai. Firijin zai zauna da bolt 184 a jikinsa har sai wani ya taɓa shi.

Makatsar yoyo ce ke rufe wannan giɓi. Sharaɗin TT shi ne turjiyar sanda, idan aka ninka ta da kwararar da na'urar ke katsewa a kanta, kada ta wuce bolt 50. Ga ta miliamfiya 30, iyakar ita ce om 1,667. Ga ta 100, om 500. BS 7671 ta yi gargaɗin cewa sandar da ta haura om 200 ba abin dogaro ba ce, don takan sauya da yanayi.

Ƙasar biranen uku ba ɗaya ba ce. Ruwan saman Fatakwal yana haura milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na Kano, kuma wannan kan sa a zaci kowace sanda za ta yi kyau a can. Amma birnin yana zaune ne a kan yashin gaɓar teku, kuma yashi mai tsabta yana da turjiya ko da ruwa a cikinsa; kusa da rafukan gishiri turjiyar kan sauka, sai dai tsatsa ta ci sanda da wuri. Anaca tana da laka mai laima a Ose da Fegge, da jar ƙasa a tudunta, ga ambaliya irin ta 2012 da 2022 da ke nutsar da allunan da aka ɗaura ƙasa-ƙasa. Inugu tana gindin tsaunukan Udi, inda jar marmara ke bushewa ƙwarai da hunturu. Don haka awon da za a dogara da shi shi ne na Janairu ko Fabrairu. Gishiri da gawayin da aka saba zubawa a ramin sanda suna sauke turjiya na ɗan lokaci. Ruwa kan wanke gishirin, wanda ya rage kuma ya ci ƙarfen.

4.4 Hanyoyi biyu da suka inganta

Ta farko: a ja kebul mai waya uku, ko biyar idan layif uku ne. Wayar ƙasa ta tashi daga babban gini ta sauka a sandar ƙasa ta allon gini na biyu, sandar nutiral kuma ta zauna a kan robarta, ba ta taɓa jikin allo. A haɗa bututun ruwa da ƙarafan gini da wannan sandar ƙasa. Ƙarin sanda a gini na biyu alheri ne, muddin wayar ƙasa aka ɗaura mata.

Ta biyu: a ja layif da nutiral kawai, a kafa wa gini na biyu sandarsa da makatsar yoyonsa, ya zama tsarin TT mai zaman kansa. Sharaɗinta kada mutum ya iya taɓa ƙarfen tsarin biyu a lokaci guda.

Wannan sharaɗi shi ne ke yanke hukunci. A layin shagunan Ose ko Ama Hausa, inda kwanon rufi ya haɗe, ƙyauren ƙarfe ke jingine da ƙyauren ƙarfe, hanya ta biyu ba za ta cika sharaɗinta ba. Ta farko ce ta dace. Ta biyu ta fi dacewa da famfon burtsatse ko rumfar kara mai nisa. A duka biyun, makatsa mai miliamfiya 100 mai ɗan jinkiri a babban gini, da mai 30 a gini na biyu, za su sa matsalar shago ɗaya ba ta kashe wa gida duka wuta ba. A kuma kula da launin waya: a tsohon tsarin Ingila baƙa ce nutiral, shuɗiya layif, a sabon tsari shuɗiya ce nutiral, baƙa layif. Duka biyun suna cikin gidajen nan, don haka sai an gwada da na'ura kafin a ɗaura.

4.5 Janareta da inbata

Cire tallafin man fetur a Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga masu amfani da ita na rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, sun tura 'yan kasuwa ga sola da janaretan haɗin gwiwa, inda mutum ɗaya ke sayar wa layin shaguna wuta. Ƙa'idar ba ta sauya ba: kowane tushen wuta ƙulli ɗaya, a wurin tushen. Idan makunnin sauya layi yana yanke layif da nutiral tare, janareta ya zama tushe mai zaman kansa, sai a ƙulla nutiral ɗinsa da jikinsa da sanda a nan wurinsa. Ƙananan janaretoci da yawa suna zuwa ba ƙulli, kuma makatsar yoyo ba ta aiki yadda ya kamata a kansu sai an yi shi. Idan kuwa makunnin layif kaɗai yake yankewa, nutiral ɗin gida tana nan manne da ta unguwa, kuma ƙulli a janareta ya zama irin wanda aka yi bayani a 4.2. Maganin shi ne makunni mai baki biyu, ko huɗu ga layif uku. Inbata kuma tana bukatar ƙullin da ke rufewa idan ta koma batir, ya buɗe idan wutar kamfani ta dawo. Mai janaretan kasuwa matsayinsa na taransifoma ne: ƙulli da sanda a wurinsa, waya uku zuwa kowane shago, babu ƙulli a shagon kowa.

4.6 Wurin alwala, mahauta da kara

Sana'o'i da ibadar mazauna waɗannan unguwanni sun sa su cikin ruwa fiye da sauran jama'a. Mai alwala ƙafarsa a jiƙe take, ba takalmi, hannunsa a kan famfon ƙarfe da ke haɗe da injin tura ruwa. Mahauci yana tsaye a kan jiƙaƙƙen siminti tsakanin firiji da teburin ƙarfe. Turjiyar fata tana raguwa sosai a wannan hali. Shanu sun fi mutum rauni, saboda tazarar ƙafafunsu na gaba da na baya tana ɗaukar bambancin matsi a doron ƙasa. Littafin jagora mai lamba 696 na Ma'aikatar Noma ta Amurka, na 1991, ya ba da shawarar kada matsin da saniya ke taɓawa ya wuce bolt 2 zuwa 4; bolt 4.6 na sashe na 4.1 sun riga sun haura wannan tun ba a samu matsala ba. Sashe na 705 na IEC 60364 ya hana tsarin TN-C a wuraren dabbobi gaba ɗaya. Wannan ya shafi kasuwannin dabbobi na Gariki, New Artisan, Ugwuoba da Lokpanta kai tsaye.

5.0 Abin da ya kamata a yi

Yawancin mazauna waɗannan wurare 'yan haya ne, ko masu rumfar da za a iya tashinsu kowane lokaci. Ɗan haya ba ya son kashe kuɗi a kan waya ta uku da zai bari a bangon wani, mai gida kuma ba shi ke alwala a famfon ba. Wannan ne ya sa gyaran ba zai zo daga ɗaiɗaikun mutane ba. Wajibi ne ya zo daga inda ake da ikon sa sharaɗi: fadar Sarkin Hausawa, ƙungiyoyin kasuwa, kwamitocin masallatai, da hukumomin da doka ta ɗora wa duba aiki.

Gwajin da ake bukata ba mai tsada ba ne. A kashe wuta, a cire nutiral mai shigowa daga allon gini na biyu, a auna tsakanin sandar nutiral da sandar ƙasa. Idan na'ura ta nuna a haɗe suke, akwai ƙullin da za a nemo. Kada a cire shi a bar ginin haka: a rana ɗaya za a ja wayar ƙasa ko a kafa sanda, a ɗaura makatsar yoyo, a danna maɓallin gwajinta a ga ta katse. Maƙalar tana kira ga NEMSA da Hukumar Kula da Lantarki ta Jihar Inugu su sa wannan gwaji cikin sharuɗɗan ba da sabuwar mita a gidajen haya da kasuwanni, su kuma fitar da bayaninsa da Hausa da Ibo ga masu gyaran wuta. Shugabannin unguwanni kuma su fara da wuraren alwala da famfunan burtsatse, kafin damina ta sauka.